Yadda ake kula da ma'aunin sakamakon tahalil a cikin sistem ɗin asibiti

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wannan bayanin na masu zama gaban kwamfuta ne a mustausaf, wato ƙaramin asibiti, ko a ɗakin gwaje-gwaje, waɗanda aikinsu shigar da sakamako cikin malaf, wato fayil ɗin mara lafiya, da kuma samarinmu na Makka da Jidda da suka karanci kwamfuta aka ɗauke su suna haɗa na'urorin lab da sistem. A nan Saudiyya rikicin ma'auni yana da yawa saboda kowa da inda ya fito, alhajin Kano zai zo da takardar suga an rubuta mmol/L, na Umdurman ko na Masar tasa mg/dL ce, ɗan injin gwada suga da ake saya a saidaliyya yawanci mg/dL yake nunawa, asibitocin gwamnati kuma da dama mmol/L suke fitarwa, sannan duk wannan zai iya taruwa a malaf ɗin mutum ɗaya. Idan ɗan canji a Sharimansur ta Makka ya ce maka ɗari biyar ai sai ka tambaye shi riyal ko naira kafin ka miƙa hannu, to lambar tahalil, wato gwajin lab, ma haka take, 7.2 ita kaɗai ba sakamako ba ce sai an san 7.2 ɗin me.

Abin farko da za ka yi, kafin ka taɓa komai, ka fito da duk gwaje-gwajen da ke cikin sistem ɗin tare da ma'aunin da aka rubuta wa kowanne, ka sa rumbun bayanan ya ƙirga maka sau nawa kowane irin rubutu ya fito. A nan ne za ka sha mamaki. Ma'auni ɗaya za ka tarar an rubuta shi mg/dl, an rubuta mg/dL, wani MG/DL, wani tsohon ma'aikaci ya rubuta mg%, wani da Larabci, wani ma ya bar gurbin ba komai. Kar ka gyara ko ɗaya tukuna, ka dai jera su, kuma kusa da kowanne ka rubuta daga ina yake shigowa, daga na'ura ne kai tsaye, ko daga lab ɗin waje da kuke aika musu samfur, ko hannu ne ya buga. Yawancin ɓarnar daga na ukun take fitowa.

Mataki na biyu shi ne tsarin ajiya, kuma in da abu ɗaya kawai za ka ɗauka daga duk rubutun nan to wannan ne. Lamba gurbinta daban, ma'auni gurbinsa daban, alamar ƙasa da ko sama da ita ma gurbinta daban, iyakar lafiya ta ƙasa da ta sama su ma haka. Kar a yarda a cusa "7.2 mmol/L" a gurbi ɗaya kamar jimla, domin kwamfuta ba za ta iya lissafi da shi ba, ba za ta zana jadawali ba, ba za ta yi kururuwa ba idan lambar ta kai haɗari. Bayan haka sai ka ƙara wasu gurabe biyu na lambar da aka juya da ma'aunin da aka juya zuwa gare shi. Wato gurabe huɗu kenan, asalin lamba, asalin ma'auni, juyayyar lamba, juyayyen ma'auni, kuma na asalin nan ba a goge su, ba a rubuta wani abu a kansu, ko da kuwa ka tabbata lissafinka daidai ne. Dalili mai sauƙi ne, ɗauki suga 100 mg/dL, ka juya ya zama 5.55 ka dunƙule shi 5.6 mmol/L, gobe wani sistem ya karɓi 5.6 ɗin ya mayar mg/dL sai ya fito 101, to ka ga an ƙirƙiri sakamakon da na'ura ba ta taɓa fitarwa ba, kuma 100 ɗin nan dama ita ce bakin iyaka a gwajin suga na azumi. In asalin na nan kowa zai iya komawa ya duba. In an goge shi shi kenan.

Masu aiki da saƙon HL7, wato tsarin da sistem ɗin asibiti ke aika wa juna bayanai da shi, sun san wuraren nan dama, lambar tana OBX-5, ma'auni OBX-6, iyakar lafiya OBX-7, tutar sama ko ƙasa OBX-8. A FHIR kuwa, sabon tsarin na HL7, wanda a kansa aka gina Nafis da ake musayar bayanan inshora da na lafiya a ƙasar nan, ma'aunin yana da gurbi biyu, ɗaya na rubutun da mutum zai karanta ɗaya na taƙaitacciyar alamar da kwamfuta za ta karanta. Mutane suna cika na farko su bar na biyu, saƙon ya wuce lafiya lau amma wanda ya karɓa ba zai iya lissafi da shi ba.

Na uku, ku tsayar da rubutu ɗaya na hukuma ga kowane ma'auni, kuma ba sai kun ƙirƙiro naku ba, akwai tsarin UCUM wanda cibiyar Regenstrief ta Amurka ke kula da shi, shi FHIR yake amfani da shi. Dokokinsa ba su da yawa amma ba ya wasa da su. Babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne, mg miligiram ne, Mg kuwa megagiram ne wato tan guda, don haka sistem ɗin da ke mayar da komai manyan baƙaƙe a hana shi taɓa wannan gurbin. Alamar µ ba a sa ta, u ake sawa, umol/L da ug/L. Ƙirgen ƙwayoyin jini 10*9/L ake rubutawa da tauraro. Abubuwan da ba ma'aunin kimiyya zalla ba ana kewaye su da baka mai kusurwa, irin mm[Hg] da [IU]/L da /[HPF] na ƙwayoyin da ake ƙirgawa a madubin lab. Sai ka koma wancan jerin da ka fitar tun farko, kowane rubutun gargajiya ka ajiye masa takwaransa na UCUM a gefe, mg% da MG/DL da mg/dl duk su nuna mg/dL. Babban ɗakin karatun likitanci na Amurka yana da shafin tantance UCUM kyauta a intanet, ka zuba jerinka ya nuna maka wanda bai yi ba.

Maganar µ ɗin nan ba tsurku ba ne. Idan saƙo ya bi ta tsohuwar manhaja da ba ta san harafin ba yakan koma alamar tambaya ko wani tarkace, a wasu tsofaffin takardu ma idan salon rubutun ya canza sai ya koma m, ka ga µg ya zama mg, ninki dubu kenan. A allon likita ka nuna µ ɗin ba laifi, amma a ajiya da aikawa u.

Na huɗu, kuma a nan ne masu wayon kwamfuta suka fi faɗawa rami, juyawa ba a ɗaure take da ma'auni ba, a ɗaure take da gwajin. Babu wata lamba ɗaya da ke mayar da mg/dL zuwa mmol/L, saboda ɗaya nauyi yake aunawa ɗayan yawan ƙwayoyin sinadari, kuma kowane sinadari da nauyinsa. Wanda ya rubuta wa sistem cewa duk inda ka ga mg/dL ka raba da 18 ya gyara suga ya ɓata sauran duka. Don haka teburin juyawarka dole layinsa ya ƙunshi lambar gwaji, ma'aunin da ya shigo, ma'aunin da ake so, sannan lambar lissafin. Lambar gwajin kuma ka yi amfani da LOINC, tsarin da ya ba kowane gwaji lambarsa, ita ma ta Regenstrief ce tun 1994, kuma abin da mutane ba su lura ba shi ne LOINC da kanta ta raba gwaji ɗaya gida biyu saboda wannan dalilin. Suga a ruwan jini na nauyi 2345-7 ne, na mol, wato na yawan ƙwayoyin sinadari, 14749-6. Kiriyatinin na nauyi 2160-0, na mol 14682-9. Kenan in ka juya lambar daga mg/dL zuwa umol/L za ka aika waje, lambar LOINC ɗin ma sai ta canza, in ba haka ba ka aika saƙo mai ƙaryata kansa.

Ga lambobin da za ka fi buƙata, daga mg/dL ake tashi sai inda na faɗa. Suga a raba da 18 a samu mmol/L, shi ya sa 126 take 7.0, 200 take 11.1, 70 take 3.9. Kiriyatinin a ninka da 88.4 a samu umol/L. Kwalastarol, da HDL da LDL, a raba da 38.67, amma tiraigiliserid duk da a takarda ɗaya suke fitowa shi da 88.57 ake rabawa. Bilirubin a ninka da 17.1, yurik asid da 59.48, duka zuwa umol/L. Kalsiyam a ninka da 0.2495 a samu mmol/L. Himogulobin da albumin daga g/dL zuwa g/L ninki goma ne kawai, haka CRP daga mg/dL zuwa mg/L, kuma wannan ninki goman ya fi sauran haɗari domin ido ba ya kama shi da wuri, CRP 8 a mg/dL ai 80 ne a mg/L. Bitamin D, wanda kusan kowa a ƙasar nan an taɓa aika shi ya yi, daga ng/mL a ninka da 2.5 a samu nmol/L. B12 daga pg/mL a ninka da 0.738 zuwa pmol/L. Turofonin daga ng/mL zuwa ng/L ninki dubu, 0.04 shi ne 40.

Wasu kuma suna kawai suka bambanta lambar ɗaya ce, feritin ng/mL da ug/L, TSH na mIU/L da uIU/mL, fararen ƙwayoyin jini 10*9/L da 10*3/uL, sodiyam da fotasiyam mEq/L da mmol/L. Sai dai kar wannan na ƙarshen ya ruɗe ka ka yi wa kalsiyam da maganiziyam haka, su mEq ɗinsu ninki biyu ne na mmol, kalsiyam 9.6 mg/dL shi ne 2.4 mmol/L kuma shi ne 4.8 mEq/L.

Akwai guda uku da nake so a tsaya a kansu sosai. Na farko yuriya. Wata takardar za ta ce yuriya 30 mg/dL, wata ta ce BUN 30 mg/dL, ma'auni iri ɗaya, lamba iri ɗaya, dukkansu na ƙoda, sai mai shigarwa ya zuba su a gurbi ɗaya. Alhali BUN naitirojin ɗin cikin yuriyar kawai yake aunawa, yuriya ta ninka shi sau 2.14. Yuriya 30 idan ka raba da 6 ta zama 5 mmol/L, lafiya ƙalau, BUN 30 kuwa idan ka ninka da 0.357 ya zama 10.7, ya haura. Takardun Sudan da Masar sun fi zuwa da yuriya, masu bin tsarin Amurka BUN, ku buɗe musu gurbi biyu daban da lambar gwaji daban. Na biyu HbA1c, wanda mutanenmu ke ce wa tarakumi, shi ba ninkawa kawai ake yi ba, sai ka cire 2.15 daga kason sannan ka ninka da 10.929, shi ya sa 6.5% take 48 mmol/mol, 7% take 53. In teburinka gurbin ninki kaɗai gare shi to ka ƙara masa gurbin cirewa. Na uku D-dimer, gwajin daskarewar jini, wannan ni shawarata kar a juya shi kwata-kwata, domin bayan mg/L da ng/mL akwai kuma hanyoyin awo biyu, FEU da DDU, da suka bambanta da kusan ninki biyu, kuma sinadarin kowane kamfani da iyakarsa. A nuna shi yadda ya zo da sunan lab ɗin da ya yi. Haka duk wani gwaji mai [IU], ba a mayar da shi nauyi da ka.

Na biyar, sakamakon da ya shigo ba ma'auni, ko da ma'aunin da teburinka bai sani ba, a tsayar da shi. Ya tafi wani layi na jira, ma'aikacin lab ya duba ya tabbatar sannan ya shiga malaf. Za a zo maka da dabarar cewa ai daga girman lambar ana ganewa, in ƙarama ce mmol in babba ce mg, kar ka karɓa. Suga 40 fa? In mg/dL ne mutum yana gab da suma a ɗura masa suga yanzu, in mmol/L ne 720 kenan, insulin da ƙarin ruwa yake nema, magani biyu masu karo da juna, kuma dukkansu ana ganinsu a ɗakin gaggawa musamman lokacin zafi da dattawa masu ciwon suga. Bitamin D 45 ma haka, a ng/mL ya wadatar, in nmol/L ne 18 ng/mL ne kawai, ya gaza. Girman lamba yana da amfani wajen ƙin karɓa, misali sodiyam 14 ko himogulobin 135 a gurbin g/dL sistem ya ce a'a a sake dubawa, amma ba wajen zaɓa wa lamba ma'auni ba.

A fom ɗin shigarwa da hannu kuma kar a bar ma'auni a buga shi, a sa shi a zaɓa daga jerin da aka yarda wa wannan gwajin kaɗai, kuma kar a zaɓa wa mutum tun kafin ya taɓa, don in an riga an cika masa wallahi ba zai kalla ba, musamman in layi ya yi tsawo.

Na shida, duk abin da ya jingina da lambar sai ya bi ta. Iyakar lafiya ta lab ɗin da ya yi gwajin ce, a ajiye ta tare da sakamakon a ranar da aka yi shi, in an juya lamba a juya iyakar da lissafi ɗaya, kar a ɗauko iyakar lab ɗinku a manna wa sakamakon wani lab. Sannan ka bi duk inda sistem yake lissafi da kansa. Lissafin ƙarfin tace ƙoda na CKD-EPI kiriyatinin ɗin mg/dL yake jira, ka ba shi 97 na umol/L a maimakon 1.1 sai ya nuna lafiyayyen mutum a matsayin mai neman wankin ƙoda, likita kuma ya rage masa magani a kan haka. Lissafin LDL na Friedewald tiraigiliserid ake rabawa da 5 a mg/dL, da 2.2 a mmol/L. Ƙararrawar sakamako mai haɗari ita ma a duba da wane ma'auni aka saita ta. Hanya mafi sauƙi ita ce duk lissafi da ƙararrawa su karanta juyayyen gurbin nan kaɗai, kuma su duba ma'aunin kafin su fara.

Na bakwai allon da likita ke gani da takardar da ake bugawa, kuma wannan ya fi shafar mu masu sistem mai Larabci da Turanci. Shafin da ke tafiya daga dama zuwa hagu yana juya fuskar alamar < da >, yana kuma iya kai ta ɗaya gefen lambar, sai wanda ya saba karatu daga hagu ya ga ƙasa da 5 kamar sama da 5. A sa mai manhaja ya kulle gurbin lamba da ma'auni su riƙa tafiya daga hagu ko da sauran shafin Larabci ne. Lambobin Larabci in an buga su a mayar da su na boko kafin ajiya, ɗigo kuma a tsayar da ɗaya, domin takardun 'yan uwanmu na Nijar da Chadi da waƙafi suke raba lamba irin na Faransa, kuma sugansu sau da yawa g/L ne, 1,26 g/L shi ne 126 mg/dL. Yawan lambobin bayan ɗigo a tsayar wa kowane gwaji, suga na mmol ɗaya ya isa, kiriyatinin na umol ba ya buƙatar ko ɗaya, ba a son 97.2400 kamar na'urar ta fi ƙarfinta. A jadawalin da ke nuna tarihin gwaji duk ɗigogin su hau ma'auni ɗaya, wanda aka juya a sa masa wata 'yar alama da in an taɓa za a ga asalinsa. Ku tuna yanzu mara lafiya da kansa yana buɗe Sihhati a wayarsa ya ga sakamakonsa, ya kwatanta da injinsa na gida, in ya ga 7 alhali ya saba ganin 130 hankalinsa zai tashi, saboda haka ma'aunin ya fito ƙarara kusa da lambar ba can ƙasa da ƙananan baƙaƙe ba.

Af, in kuna ɗauko bayanai ta Excel ku yi hattara, ƙwayoyin fitsari 3-5 zai mayar da su kwanan wata, 1:40 na gwajin Widal ya mayar da shi ƙarfe ɗaya da minti arba'in. A saita ginshiƙin a matsayin rubutu tun kafin a zuba. Irin waɗannan da ++ na zazzaɓin cizon sauro dama ba lambobin lissafi ba ne, a ajiye su yadda suke.

Na takwas gwadawa. Ka ɗauki samfur na gwaji ga kowane tahalil, ɗaya mai ƙasa ɗaya matsakaici ɗaya mai sama da kuma ɗaya mai alamar <, ka bi shi daga allon na'ura zuwa manhajar tsakiya zuwa sistem ɗin lab zuwa malaf zuwa takardar da aka buga, kana kwatanta lamba da ma'auni a kowane zango, shugaban lab ya sa hannu a ajiye. Masu duba inganci na CBAHI, hukumar tantance asibitocin Saudiyya, da na ISO 15189, ƙa'idar ingancin lab ta duniya, suna neman irin wannan shaidar. A maimaita duk lokacin da aka sauya na'ura, ko kamfani ya sabunta manhajarta, ko aka koma wani sinadarin, domin injiniya yakan zo ya yi gyara ya mayar da saitin na'ura na kamfani ya tafi bai gaya wa kowa ba. Teburin juyawar kuma mutum biyu ne kawai za su iya taɓa shi, duk canji a rubuta wa ya yi da ranar da ya fara aiki, tsohon layin a rufe shi kar a share.

Sai takardun waje, waɗanda suke yawa daga Ramadan zuwa bayan aikin Hajji. A ɗauki hoton takardar a liƙa a malaf, a shigar da sakamakon da alamar cewa na waje ne da sunan lab ɗin da kwanan watan da aka yi. Na Najeriya za ka ga PCV, wato kason jajayen ƙwayoyi a cikin jini, a maimakon himogulobin, shi gurbin himatokirit ake sa shi, kar a raba da uku a rubuta a matsayin himogulobin, wannan kintace ne na bakin gado ba sakamako ba. Wasu takardun Sudan kuma himogulobin ɗin kansa da kaso suke rubuta shi, ka ga 80% ba himatokirit ba ne, in akwai g/dL a gefe shi za ka ɗauka, in babu a ajiye shi a matsayin rubutu a gaya wa likita. In kuma ma'aunin ya goge ko ba a rubuta ba, ka tambayi Alhaji ko Hajiya cikin ladabi ko akwai wata takardar daga lab ɗin, in babu to a rubuta ma'auni ba a sani ba, a sake gwajin a nan in likita yana buƙatarsa.